Da Mudun Wa Aka Auna?

 

Akwai tambayar da ta fi shekara 10 tana yawo a ƙasar nan ba ta samu amsar da kowa ya yarda da ita ba: lita nawa na man fetur 'yan Najeriya ke sha a rana ɗaya? In ka ji ta sai ka ɗauka tambayar 'yan firamare ce. Ai mai ko dai a jirgin ruwa ya shigo ko daga matata ya fito, a zuba shi a rumbunan ajiya, a loda wa tankoki, kowace tanka da takardarta. Mai ƙirge ya ƙirga, shi ke nan. Amma bari mu bi sawun amsoshin da aka ba mu.

A watan Afrilun 2012, bayan zanga-zangar janye tallafi ta watan Janairu, kwamitin Majalisar Wakilai da Farouk Lawan ya jagoranta ya ba da rahoto cewa ana biyan 'yan kasuwa tallafin lita miliyan 59 a kullum, alhali abin da ƙasa ke sha kimanin miliyan 35 ne. A kasafin 2011 naira biliyan 245 aka ware wa tallafi, abin da aka biya kuwa ya haura tiriliyan 2.5. Shugaban kwamitin kansa daga baya kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hanci a cikin wannan binciken. Shekara 10 bayan haka, a watan Satumbar 2022, shugaban Kwastam na lokacin, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya tsaya gaban 'yan majalisa yana tambayar yadda kamfanin NNPC zai ce ana shan lita miliyan 60 amma ana fitar da miliyan 98. Kamfanin ya musanta, ya ce abin da yake samarwa a rana kimanin miliyan 68 ne. Da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, hukumar NMDPRA mai kula da harkar rarraba mai ta ce sha ya faɗo daga sama da miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50. Ofisoshin gwamnati ɗaya, amma kowa da lissafinsa.

Wani zai ce wannan rigimar manya ce, can Abuja, ina ruwan ɗan Bafarawa? Da ruwanmu, har da tsaki. Duk lokacin da lissafin nan ya ƙi cika, amsar da ake kawowa ita ce fasa-ƙwauri, yatsa kuma bakin iyaka yake nunawa, inda muke zaune. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. A watan Nuwamba na wannan shekara Kwastam ta hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. A Satumbar 2021 kuma, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Sakkwato ta hana sayar da mai a jarka a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, ciki har da Isa da Sabon Birni. Dalilan dokokin biyu sun bambanta, amma kan mutum ɗaya suka sauka: mai noman rani a fadamun gulbin Rima, wanda injin ban ruwansa ba ya iya tafiya gidan mai da ƙafarsa, da ɗan kabu-kabu, da mai injin niƙa, da mai cajin waya. Shukar albasa ba ta san dokar kilomita 20 ba. In ta kwana uku babu ruwa ta fara kwanciya.

Ba na cewa babu fasa-ƙwauri. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san 'yan bumburutu, ya ga babur ɗauke da jarkoki ya nufi arewa, wajen Tsibiri da Maraɗi, inda 'yan uwanmu Gobirawa suke. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200 a nan, tsada a can, dole mai ya bi inda riba take. Ƙarancin man da Nijar ta shiga a watan Maris na 2025 ya nuna cewa man Najeriya ya daɗe yana cike mata giɓi. To amma mu yi lissafi da kanmu. Tsakanin miliyan 98 da miliyan 60 akwai lita miliyan 38. Tanka ɗaya tana ɗaukar kimanin lita 33,000, ka ga ana maganar tankoki fiye da 1,100 ke nan a kowace rana. In kuma a jarka mai lita 25 za a kwashe shi, jarka miliyan 1.5 da ɗoriya ake buƙata, kullum ta Allah. Wace hanya ce a ƙasar Gobir za ta ɗauki wannan? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani ɓangare na man ya tsallaka iyaka, wani ɓangaren kuma, kamar yadda binciken 2012 ya nuna, a takarda kawai ya taɓa wanzuwa. Da yake babu wani amintaccen mai awo da zai raba mana biyun, sai aka haɗa laifin duka aka aza wa talakan bakin iyaka.

Wannan ne ya sa nake ganin shugabancin hukumar da ke tattara alƙaluman makamashi yana cikin amanar da ta fi kowace nauyi a gwamnati, duk da cewa mai riƙe da ita ba ya gina hanya, ba ya raba taki, ba a yi masa waƙa. Aikinsa riƙon mudu ne.

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne, ya tsufa a kan buhu da tiya a kasuwar Isa. Wata rana muna sauraron rediyo aka karanto cewa hauhawar farashi ta sauko. Na juya na ce, "Kawu, kun ji an ce abubuwa sun fara sauƙi." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, da mudun wa anka auna?" Daga nan ya shiga ba ni labarin yadda suke gane ma'auni marar gaskiya: wani ya bubbuga gindin kwano ya shiga ciki, wani mudu biyu gare shi, babba na saye da ƙarami na sayarwa, wani kuma a wajen tozo yake cin amanarsa. Ya ce mutum in an kama shi sau ɗaya, ko ya sayo sabon mudu daga Sakkwato mata ba za su sake aika yaro wurinsa ba.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ilimi. Suratul Muɗaffifina kan masu tauye mudu ta sauka. Zakkar fidda kai da mudun Annabi (SAW) ake fitar da ita, don kada kowa ya zo da nasa kwanon. A tsarin hisba kuma duba ma'aunai a kasuwa yana cikin manyan ayyukan muhtasibi. Hikimar duka ɗaya ce: wanda ke cin riba da awo bai kamata a bar masa hukuncin awon shi kaɗai ba. A zamanin tallafi kuwa abin da ya faru ke nan. Shekaru da dama NNPC ce kaɗai ke shigo da mai, ita ke faɗin yawan da aka sha, ita kuma ke cire kuɗin tallafi tun kafin kuɗin su isa asusun tarayya. A 2022 kaɗai tallafin ya ci fiye da naira tiriliyan 4. Ko da a ce kowane ma'aikaci a wurin waliyyi ne, tsarin da kansa yana haifar da zargi. Mun kuma ga yadda ta kaya a 2013 da 2014, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya ce ba a saka dala biliyan 49.8 na kuɗin mai a asusu ba, daga baya adadin ya koma biliyan 20, aka yi ta ja-in-ja har aka dakatar da shi a watan Fabrairun 2014. Ƙasar da ke da amintaccen mai awo ba za ta kwashe watanni tana gardama kan irin wannan tazara ba.

A Najeriya alƙaluman makamashi a warwatse suke. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana fitar da farashin fetur, da gas, da kananzir, jiha-jiha a kowane wata. NMDPRA na da nata lissafin, NERC na da na wutar lantarki, NEITI na binciken kuɗin ma'adinai, akwai kuma Hukumar Makamashi ta Ƙasa wadda cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke aiki a ƙarƙashin inuwarta. Amurka ta taɓa shiga irin wannan ruɗani. Da ƙasashen Larabawa suka hana ta mai a 1973, jama'a suka yi ta zargin cewa kamfanoni ne ke ɓoye mai, gwamnati kuma ta rasa hujja saboda mafi yawan bayanan da take da su daga kamfanonin suke fitowa. A 1977 aka kafa hukumar tattara bayanan makamashi, EIA, aka kuma rubuta a cikin doka cewa shugabanta ba ya buƙatar amincewar wani jami'in gwamnati kafin ya wallafa abin da ya tattara. A kowace Laraba da ƙarfe 10:30 na safe agogon Washington, sai dai in hutu ya gitta, hukumar tana fitar da rahoton yawan man da ke ajiye a ƙasar. Minista da ɗan kasuwa da ɗan jarida lokaci guda suke ganinsa. Ko labarin ya yi wa gwamnati daɗi ko bai yi ba, Laraba ba ta canzawa. Amanar da duniya ke ba wa wannan rahoto daga irin waɗannan ƙananan ɗabi'u ta taru.

Kada dai mu ɗauka can an gama lafiya. A ranar 1 ga Agustan 2025 Shugaba Trump ya kori Erika McEntarfer, shugabar hukumar ƙididdigar ƙwadago, sa'o'i kaɗan bayan rahotonta ya nuna ayyukan yi ba su ƙaru yadda ake so ba. A ƙasar Girka, Andreas Georgiou ya karɓi shugabancin hukumar ƙididdiga a 2010, ya bayyana cewa giɓin kasafin 2009 ya kai kashi 15.4 cikin 100 na arzikin ƙasa. Hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai ta amince da lissafinsa, amma a gida shekara da shekaru ya yi yana zarya a kotu. Mai riƙon mudu ko'ina yake, ranar da awo ya ɓata wa mai mulki rai, shi ne na farko da ake harara.

A nan gida muna da misalin da ya kamata mu riƙe. Dakta Yemi Kale ya shugabanci NBS daga 2011 zuwa 2021, ƙarƙashin shugabanni biyu na jam'iyyu biyu. A watan Afrilun 2014 ya sanar da sabon lissafin arzikin ƙasa, dala biliyan 510, Najeriya ta zarce Afirka ta Kudu, gwamnatin Jonathan ta yi murna. A 2016 hukumar tasa ce ta sanar cewa tattalin arziki ya shiga karaya, a lokacin gwamnatin Buhari. A watan Disambar 2018, ana saura wata biyu zaɓe, mai magana da yawun shugaban ƙasa, Malam Garba Shehu, ya faɗa a talabijin cewa shugaban hukumar ya yarda lissafinsa bai ƙirga ayyukan da noma ya samar ba. Kale ya fito a Twitter ya ce shi ko hukumarsa ba su taɓa amsa haka ba, lissafinsu kuma ya haɗa kowane fanni. Kwana kaɗan bayan nan rahoton ya fito: rashin aikin yi kashi 23.1 cikin 100. A watan Maris na 2021 ya sake fitar da wanda ya fi shi ɗaci, kashi 33.3. Abin lura shi ne mutane sun yarda da labarinsa mai daɗi ne saboda sun ga ba ya ɓoye marar daɗi.

Sai dai riƙon amana bai tsaya ga jarunta a gaban mai mulki ba. Akwai jarrabawa ta biyu, ranar da za a canza mudu. A watan Agustan 2023, ƙarƙashin Adeyemi Adeniran, NBS ta fitar da rashin aikin yi kashi 4.1 cikin 100. Daga 33.3 zuwa 4.1, a daidai lokacin da janye tallafi ya ninka farashin mai. Abin da ya faru shi ne an koma ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya: duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya ne a mako, mai aiki ne. A da kuwa wanda bai kai awa 20 ba marar aiki ake lissafa shi. Haka aka yi da hauhawar farashi: kashi 34.80 a Disambar 2024, sai kashi 24.48 a Janairun 2025, bayan an sauya shekarar da ake kwatanci da ita daga 2009 zuwa 2024, aka kuma sabunta kwandon kayan da ake bibiya. Masana sun san sabunta ma'auni wajibi ne, domin abin da gida ke kashe wa kuɗi a 2009 ba shi ne na yau ba. Ni ban kira shi ƙarya ba. Amma talakan da ya ji a rediyo ya kuma shiga kasuwa, abin da ya fahimta shi ne ana yi masa wasa da hankali. A ganina, duk shugaban da zai canza mudu ya wajaba ya ajiye tsoho da sabo gefe da gefe na tsawon lokaci, ya auna hatsi ɗaya da kowanne a gaban jama'a, ya yi bayani da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan da mutane ke ji, ya kuma hana 'yan siyasa kwatanta awon sabo da na tsoho suna cewa su suka kawo sauƙi. In bai yi haka ba, lissafinsa zai iya zama daidai amma ya rasa mai yarda da shi, ka ga an yi ba a yi ba.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Kakanninmu sun koyi cewa duk wanda ya zo ƙirga ka, haraji ko jangali ke bayansa, don haka aka saba kora shanu daji da ɓoye samari. Ƙidayar 1962 da ta 1973 duk soke su aka yi saboda rigima, ta ƙarshe da aka yi kuma ta 2006 ce. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya zabura. Ƙara da takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, wadda ke zuwa da adadi mai tsoratarwa a watan da ko ƙyallin wuta ba a gani ba. Mutumin da aka saba kawo wa lambar da ba a auna ba, da wuya ya yarda akwai lambar da aka auna. Shi ya sa in ma'aikacin ƙididdiga ya zo da tambayoyinsa, wani ya rage, wani ya ƙara don yana zaton rabon tallafi za a yi. Daga baya mu ne za mu zauna muna cewa alƙaluman gwamnati ƙarya ne, bayan da hannunmu muka zuba wa hatsin tsakuwa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato wanda ba a ƙirga ba sam. Makamashin gidajenmu itace ne da kara da gawayi, sai tocila, sai 'yar farantin sola a kan rufi. Babu tanka, babu takarda, babu mita. Akwai garuruwan da turakun wuta suka shekara da shekaru a tsaye babu komai a wayar, amma a takarda ana iya lissafa su cikin waɗanda wuta ta isa. Binciken talauci mai fuskoki da yawa da NBS ta fitar a Nuwambar 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne ke ciki, Sakkwato kuma ita ce kan gaba da kusan kashi 91 cikin 100, kuma abin da ake girki da shi yana cikin ma'aunan da aka duba. Wannan lamba ta yi mana ɗaci, amma ta yi mana rana, domin ta sa an ambace mu. Yanzu ku duba ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa tsakanin Isa da Sabon Birni, inda ma'aikaci ba zai iya shiga da takardar tambaya ba. Shugaba mai gaskiya zai rubuta ƙarara cewa wuri kaza ba mu samu shiga ba, wannan adadin ƙiyasi ne. Marar gaskiya zai cike gurbin daga ofis ya yi shiru. Na farkon ya bar ƙofa a buɗe don a koma a ƙirga mu, na biyun ya shafe mu daga lissafin ƙasa.

Da za a tambaye ni abin da nake nema ga duk wanda aka damƙa wa irin wannan hukuma, ba zan nemi ya zama mai yawan magana ba. Ya sa ranar fitar da rahoto tun farkon shekara, ya cika ta ko ana ruwa ko ana iska. Ya bayyana yadda ya auna, har wani ya iya bin sawunsa ya sake awon. In sabon bayani ya zo ya canza tsohon adadi, ya gyara a bainar jama'a ya faɗi dalili. Kada ya karɓi lamba daga wanda ake biya da lambar ba tare da ya nemi shaida ta biyu ba. Kada minista ya riga talaka ganin rahoto don ya gyara masa fuska. Ya kuma shiga ofis da sanin cewa wata rana kujerar ko gaskiyar, ɗaya zai zaɓa. Majalisa ita ma da nata: ta ba hukumar kuɗin aiki da ba sai ta yi roƙo ba, ta kuma kare wa'adin shugabanta, domin mai awon da abincinsa ke hannun mai hatsi ba ya iya share tozo.

Mu kuma da muke koyon rubutu, lamba tana da kwarjinin da kalma ba ta da shi. Ka rubuta "mutane da yawa" a wuce, ka rubuta "kashi 70 cikin 100" a ɗauka a yi ta turawa a WhatsApp, har ta zama hujja a bakin wanda bai san daga ina ta fito ba. Kafin mu saka adadi a labari ko maƙala, mu tambayi kanmu wa ya auna, yaushe, da wane mudu, kuma wa zai ƙaru in an yarda da shi. In hukumomi biyu sun saɓa, mu kawo duka biyun da sunayensu, mai karatu ya gani da idonsa. In adadi ya goyi bayan ra'ayinmu, a nan ne ya fi dacewa mu ƙara bincike. Mu kuma riƙa rubuta abin da ke gabanmu da kwanan wata: kuɗin kwalbar fetur a garinmu yau, kuɗin damin itace, awa nawa aka samu wuta a wannan mako. Shekara 20 nan gaba, mai yiwuwa littafin wani daga cikinmu ne kaɗai shaidar yadda aka rayu a wannan yanki.

Ina jiran gyara da ƙarin bayani daga gare ku, musamman 'yan uwa na Illela, Jibiya, Maigatari da Ƙonni, waɗanda suka ɗanɗani dokar kilomita 20 ko suka ga tasirinta daga tsallake. Allah Ya ba mu shugabanni masu cika mudu, Ya sa mu ma mu cika namu, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Najeriya baki ɗaya. Amin.